Haɗin Gwiwar Ƙasashe Masu Tasowa kan Noma: Me Yake Isowa Fadamun Kebbi?

A 'yan shekarun nan da wuya a yi wata guda ba a ji labarin wata yarjejeniyar noma da Najeriya ta ƙulla da wata ƙasa ba, yau Barazil, gobe Sin, jibi Maroko ko Indiya. A watan Janairun 2025 ma an karɓi Najeriya a matsayin abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS, wadda Barazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu suke kan gaba a cikinta. Jami'an gwamnati suna kiran irin wannan hulɗa haɗin gwiwar Kudu da Kudu, suna kuma cewa tana daga cikin hanyoyin wadata ƙasa da abinci. Manomin shinkafa a Suru ko Augie, wanda ya sayi taki da fetur da tsada sannan ya tarar da farashin shanshera ya faɗi a kasuwa, yana da hujjar tambayar ko wannan magana ta shafe shi. Ta shafe shi, sai dai ta hanyoyi mabambanta, wasu suna amfanarsa wasu kuma suna matse shi, shi ya sa ya kamata a rarrabe su.

Ma'anar kalmomin

Kalmar Kudu a nan ba ta nufin kusurwar kudu a taswira. Laƙabi ne da ake yi wa ƙasashe masu tasowa na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ko da kuwa ƙasa tana arewacin duniya kamar Indiya da Sin da ita kanta Najeriya. Haɗin gwiwar Kudu da Kudu kuwa shi ne ƙasashen nan su taimaki juna da ilimi da ƙwararru da kayan aiki da jari, maimakon kowacce ta zuba ido ga Turai ko Amurka. Idan wata ƙasa mai arziki ko wata hukuma ta duniya ta shiga tsakani da kuɗi ko da tsari, ana kiransa haɗin gwiwa mai ƙafa uku.

Abubuwa uku ake cusawa ƙarƙashin wannan suna ɗaya, kuma rashin bambance su ne tushen yawancin ruɗanin. Akwai musayar ilimi, kamar a turo ƙwararru ko a ba da irin shuka don gwaji. Akwai ciniki da zuba jari, inda kamfani yake zuwa neman riba. Akwai kuma rance, wanda sau da yawa ake ɗaure shi da sharaɗin a sayi kayan ƙasar da ta bayar. Dukansu halastattu ne, amma ba dukansu ne kyauta ba, kuma wanda zai biya kuɗin ya bambanta daga wannan zuwa wancan.

Wadatuwar abinci ita ma tana da ma'anar da ta wuce cikar rumbu. Taron ƙoli kan abinci da aka yi a birnin Rum a 1996 ya fassara ta da cewa kowane mutum, a kowane lokaci, ya iya samun abinci isasshe, mai tsabta, mai gina jiki. Daga nan masana suke duba abu huɗu: ko abincin yana nan, ko mutane suna da ƙarfin sayensa, ko yana gina jiki, da ko samuwarsa tana ɗorewa daga shekara zuwa shekara. Jiha tana iya yin fice a noman shinkafa kamar Kebbi, amma a samu gidaje da yawa a cikinta da ba su iya sayen kwanon shinkafar ba.

Inda tafiyar ta samo asali

Ana danganta mafarin wannan tunani da taron Bandung na ƙasar Indunusiya a 1955, inda ƙasashen Asiya da Afirka suka hallara a ƙarshen zamanin mulkin mallaka. A 1964 aka kafa rukunin ƙasashe 77, sannan a 1978 aka amince da wani tsarin aiki a birnin Buenos Aires na Ajantina kan musayar fasaha tsakanin ƙasashe masu tasowa. A fannin noma, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fara shirya irin wannan musaya a 1996. Hujjar da ake kafawa ita ce, ƙasar da ta fita daga yunwa a baya-bayan nan, da ƙananan gonaki da ƙarancin jari, ta fi kusa da sanin halin da manomin Afirka yake ciki fiye da ƙasar da manominta ɗaya yake noma dubban kadada da injuna.

Irin da ke hannun manomi

Mafi daɗewar amfanin wannan hulɗa a Kebbi yana cikin irin shinkafar da ake shukawa, ko da yake ba kasafai ake kallonsa a haka ba. FARO 44, wadda manoma suke kira Sipi, kuma wadda kamfanonin sarrafa shinkafa suke so saboda tsawon ƙwayarta, asalinta daga Taiwan take. An gwada ta a Najeriya, aka amince da ita tun shekarun 1990, daga nan ta bazu daga hannu zuwa hannu har ta zama kamar 'yar gida a fadamun Argungu da Bunza da Jega. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ce take jagorantar aikin tantance irin shinkafa kafin a sake shi ga manoma.

Cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, wadda ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa a 1971, ita ce ta samar da nau'in NERICA ta hanyar aurar da shinkafar Afirka da ta Asiya, domin a haɗa juriyar ta farko da yawan yabanyar ta biyu. Masanin da ya jagoranci aikin, Monty Jones ɗan ƙasar Saliyo, ya raba lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004 da Yuan Longping na ƙasar Sin, wanda ake yi wa laƙabi da uban shinkafa mai aure, wato wadda ake samar da irinta ta hanyar haɗa nau'i biyu mabambanta domin ƙara yabanya.

Misalin da ya fi dacewa da Kebbi shi ne na shinkafa mai jure ambaliya. A jihar Odisha ta Indiya manoma sun daɗe suna shuka wata shinkafar gargajiya wadda ba ta mutuwa da wuri idan ruwa ya shanye ta. Masu bincike, ciki har da na cibiyar shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin, sun gano ƙwayar halittar da take ba ta wannan juriya, suka shigar da ita cikin nau'o'in da suka fi ba da amfani. Irin da aka samu yana iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa ya farfaɗo. A 2017 aka amince da nau'i biyu masu wannan sifa a Najeriya, FARO 66 da FARO 67. Duk wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta share gonakin shinkafa a Kebbi ya san darajar irin wannan iri, ko da yake ba ya maganin ruwan da ya kwana wata guda a gona. Matsalar da ta rage ta cikin gida ce: a ninka irin, a kai shi kasuwannin ƙauye da sahihancinsa, a samu malaman gona da za su bayyana wa manomi wurin da ya dace da shi. Ƙasar da ta ba da ilimin ba za ta yi wannan ɓangaren ba.

Ƙwararrun Sin da gonar Wara

Tsakanin 2003 da 2007 ƙwararru da ma'aikatan fasaha kusan 500 daga ƙasar Sin sun yi aiki a jihohin Najeriya ƙarƙashin wata yarjejeniya mai ƙafa uku da FAO, kuma gwamnatin Najeriya ce ta ɗauki nauyin kuɗin. Sun koyar da gina ƙananan madatsun ruwa da kiwon kifi a keji da haɗa noman shinkafa da kiwon kifi a fili ɗaya da kiwon zuma da sauransu. An yi zagaye na biyu daga baya da adadi ƙasa da na farko. Masu yabon shirin suna cewa ƙwararrun sun zauna a karkara sun yi aiki da hannunsu, abin da ba a saba gani ba. Masu suka kuma suna nuna matsalar harshe, da yadda wasu ayyukan suka tsaya bayan baƙin sun koma gida saboda ba a tanadi kuɗin ci gaba da su ba.

A Kebbi akwai kuma hulɗa ta kasuwanci. Wani kamfanin noma mai jarin Sin, wanda aka fi sani da GAWAL, yana da gona a Wara da ke ƙaramar hukumar Ngaski, inda yake samar da irin shinkafa tare da manoman da ke kewaye. A nan ne batun shinkafa mai aure yake tasowa, domin ita ce fasahar da Sin take alfahari da ita. Tana iya ba da amfani fiye da irin da aka saba idan ta samu taki da ruwa yadda ya kamata, amma idan manomi ya ajiye iri daga girbinta ya sake shukawa, amfanin yana raguwa kuma tsiron ba ya fitowa bai ɗaya, don haka dole ya sayi sabo kowace shuka. Ga manomin da yake da kuɗi a hannu da tabbacin mai saye, lissafin yana iya fita. Ga wanda ya saba ɗebo iri daga rumbunsa, sabon nauyi ne da ya kamata a bayyana masa kafin ya shiga.

Takin Maroko da injunan Barazil

A watan Disamban 2016, lokacin ziyarar Sarki Muhammad na Shida a Abuja, aka ƙulla yarjejeniyar da ta haifar da shirin taki na shugaban ƙasa. Maroko ce take da mafi yawan ma'adinin fosfat a duniya, Najeriya kuma tana da iskar gas da ake yin takin yuriya da ita. Tsarin shi ne a shigo da fosfat daga Maroko, a haɗa da yuriya da farar ƙasa na gida da sinadarin fotash daga waje, a gauraya su a masana'antun cikin ƙasa. An farfaɗo da masana'antun gauraya taki da dama, kuma an tsayar da farashin buhun NPK a kan naira 5,500 a farkon shirin. Wannan farashi bai ɗore ba. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya dagula samun fotash, faɗuwar darajar naira daga 2023 kuma ta ninka kuɗin duk abin da ake saye da dala. Darasin da masu nazari suke fitarwa shi ne, zumunci tsakanin gwamnatoci ba ya kare manomi daga canjin kuɗi matuƙar ana biyan kayan da kuɗin waje. Ko yuriyar da ake yi a gida tana bin farashin duniya, domin masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 tana sayar da wani kaso mai yawa a waje, Barazil na cikin masu saye.

Ita Barazil ana yawan kafa misali da ita saboda yadda hukumarta ta binciken noma, Embrapa, wadda aka kafa a 1973, ta taimaka wajen mayar da dajin Cerrado mai ƙasa mai tsami ya zama cibiyar noman waken suya da masara. A watan Janairun 2019 aka ƙaddamar da shirin Green Imperative, na fiye da dala biliyan ɗaya, domin samar da taraktoci da injuna da cibiyoyin haya da gyara a ƙananan hukumomi. Kuɗin rance ne, injunan kuma na Barazil ne. An shafe shekaru ba a ga injunan a gonaki ba, sai a 2025 aka sake sa hannu kan matakin fara aiwatarwa. Ko da sun iso, akwai tambayar dacewa. Noman Cerrado na manyan gonaki ne, fadamun Kebbi kuwa ƙananan filaye ne da gado ya rarraba, inda ƙaramin injin huɗa da ake turawa da hannu da injin casa suka fi babbar tarakta saurin shiga. Abin da ya faru a Mozambik ya isa a yi la'akari da shi: shirin ProSavana, wanda Barazil da Japan suka shiga domin kwaikwayon Cerrado a arewacin ƙasar, ya gamu da adawar ƙungiyoyin ƙananan manoma da suka ji tsoron rasa filayensu, har aka rufe shi a 2020.

Akwai wani darasin na Barazil da ba ya buƙatar rance. Dokar da ta kafa a 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Najeriya ta fara nata shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, amma ya yi ta tsayawa yana tashi, kuma kasuwar da manomi ba zai iya dogara da ita ba ba ta sa shi ƙara noma.

Inda muradu suke karo

Ƙasashe masu tasowa abokan juna ne a zauren taro, amma a kasuwar shinkafa kishiyoyi ne. Indiya ce take fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta a duniya, Tailan da Biyetnam suna biye. Shinkafarsu, wadda mai yawa daga cikinta take sauka a tashar Kwatano ta shigo ta ɓarauniyar hanya, ita ce babbar abokiyar gasar shinkafar Kebbi. Domin kare noman gida ne aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka yi haɗin gwiwar shinkafar Lake tsakanin Legas da Kebbi a 2016, aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017 ban da ta Labana da ke Birnin Kebbi, sannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Noma ya ƙaru, farashi ma ya tashi, kuma an yi ta taƙaddama kan rancen da ba a biya ba.

A watan Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da wasu nau'o'in farar shinkafa domin ta kare masu saye a cikin gidanta, farashi ya yi tsalle a kasuwannin duniya, ƙasashen Afirka masu dogaro da ita suka ji a jikinsu. Ta sassauta haramcin a Satumban 2024, farashin ya sauko. A tsakanin nan, a Yulin 2024, gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da ba a gama sarrafawa ba da masara da alkama. Masu goyon bayan matakin suna cewa tsadar abinci ta kai inda dole a sauƙaƙa wa ma'aikaci da talakan birni, kuma manomi ma mai saye ne a yawancin watannin shekara. Ƙungiyoyin manoma da masu masana'antu suna cewa an karya farashin amfanin gona ba tare da an karya na taki da fetur da maganin feshi ba, kuma wanda ya yi asara bana zai rage noma baɗi, abin da zai dawo da ƙarancin da ake gudu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin ɗaya yana magana ne kan ƙarfin saye, ɗayan kuma kan ɗorewar samarwa, kuma dukansu biyu suna cikin ma'anar wadatuwar abinci.

Maƙwabta na kusa

Idan ana maganar Kudu da Kudu hankali yakan tafi Beijin da Brasiliya, alhali Kebbi tana iyaka da ƙasashe biyu masu tasowa, Nijar da Benin. Gero da wake da albasa da dabbobi suna kai da kawowa ta Kamba da Lolo da Tsamiya tun kafin a shata iyaka. Lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kasuwannin ɓangarorin biyu sun girgiza, kuma ko da aka ɗage takunkumin a farkon 2024, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta bar 'yan kasuwa cikin rashin tabbas kan dokokin da za su yi aiki nan gaba.

Ruwa ma na tarayya ne. Kogin Kwara yana ratsa Gini da Mali da Nijar da iyakar Benin kafin ya shigo Najeriya ta Kebbi, kuma ƙasashe tara ne suke cikin hukumar kula da kogin mai hedikwata a Yamai. Madatsar Kandaji da Nijar take ginawa za ta shafi yawan ruwan da yake gangarowa da lokacin zuwansa. Musayar bayanai kan tashin ruwa, idan ta isa ga manomin Bagudo ko Yawuri a kan kari, tana iya ceton amfanin da babu rancen da zai mayar. Haka nan akwai dabarun da manoman Sahel suka gwada suka ga amfaninsu, kamar ramukan tassa da ake zuba taki a ciki domin riƙe ruwa a ƙasa mai tauri, da barin kututturan itatuwa su sake tofo a gona kamar yadda aka yi a yankin Maraɗi tun shekarun 1980. Waɗannan sun dace da gonakin tudu na arewacin Kebbi, kuma masu koyar da su Hausa suke ji.

Abin da zai iya biyo baya ga manomi da mai saye

Idan aka duba misalan nan za a ga wani zare. Abubuwan da suka zauna a Kebbi su ne waɗanda manomi yake iya ninkawa ko gyarawa da kansa: irin Sipi da yake ajiyewa daga girbi, da ƙaramin injin ban-ruwa, wanda yawancinsa ƙirar Sin ne, kuma kowane bakanike a kasuwar ƙauye ya san cikinsa. Waɗanda suka dogara da kasafin gwamnati ko dala ko baƙon ƙwararre sun fi saurin tsayawa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin ban-ruwa ya zama babban nauyi a noman rani, shi ya sa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda Indiya ta yi nisa wajen yaɗa shi ga manomanta, yake cikin abubuwan da za su iya sauya lissafin manomi, matuƙar an samu hanyar biya a hankali da masu gyara a kusa.

Ga mai saye, ƙaruwar hulɗa da manyan masu fitar da shinkafa tana iya kawo sauƙin farashi na ɗan lokaci, tare da haɗarin da aka gani a 2023 idan mai sayarwa ya rufe ƙofarsa. Ga mai biyan haraji, kowane rancen injuna bashi ne da za a biya ko injunan sun yi aiki ko sun kwanta. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003, suka sabunta a Malabo a 2014, cewa za su riƙa ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu ga noma, kuma kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe yana ƙasa da haka sosai. Daga wannan kason ne ake biyan malaman gona, da ninka iri, da gyaran magudanan ruwa da hanyoyin fadama, wato ayyukan da suke ɗaukar abin da aka sa wa hannu a Abuja su kai shi Suru. Saboda haka idan aka sanar da sabuwar yarjejeniya, tambayoyin da ƙungiyoyin manoma da 'yan majalisar jiha za su iya yi su ne ko kyauta ce ko rance ko ciniki, da wane kuɗi za a biya, wa zai riƙe filin idan akwai fili a ciki, a ina za a samu kayan gyara, kuma nawa jihar ta ware domin ci gaba da aikin bayan wa'adin yarjejeniyar ya ƙare.